Daga Gafaka zuwa Rumbun Kwamfuta: Tarihin Adana Kwafi a Ƙasar Kano

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin nuna cewa matsalar adana kwafi ta girmi kwamfuta. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, malaman birni da na karkara irin su Ɗambatta da hannu suke kwafar littattafai, su sa a gafaka. Illar ita ce, sau da yawa asali da kwafi a ɗaki ɗaya suke kwana, don haka gara ko gobara ko yoyon damina kan lalata su tare. Littafin da ya fi tsira shi ne wanda almajiri ya kwafa ya tafi da shi wani gari.

Wannan hikima ce masana suka bi bayan samun mulkin kai. A 1964 aka fara Shirin Binciken Tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda aka riƙa ɗaukar hoton rubuce-rubucen malamai, aka sami kwafi nesa da gidajen masu su. A 1970 kuma aka kafa Gidan Arewa a Kaduna. Muhimmancin irin wannan aiki ya fito fili a ƙasar Mali a Janairun 2013, sa'ad da aka ƙona dubban littattafai a Cibiyar Ahmad Baba ta Tumbutu.

Da kwamfuta ta yaɗu, sai wasu suka riƙa jona rumbun ajiya a jikin rauta, wato na'urar rarraba intanet, domin kwamfutocin gida su tura masa kwafi. Wannan dabara tana da nakasu guda uku. Na farko, ƙwaƙwalwar rauta ƙarama ce, saboda haka kwafar takan yi nawa. Na biyu, rumbun da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabayit 4. Na uku, ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki kan ɓata kwafi, tsawa kuma tana iya ƙona rauta da rumbun gaba ɗaya.

Bisa ga wannan bayani, za a iya cewa rumbun da ke jikin rauta bai wuce gafakar da aka rataye kusa da asali ba. Kwafi ba ya zama kariya sai ya bar gidan da asali yake.