Yadda ruwan Tiga ya jawo mana Kirsimeti zuwa Oktoba

1/ Jiya na ga ana caccakar wani a nan don ya saka waƙar Mariah Carey tun 1 ga Nuwamba, wai ya cika gaggawa. Dariya kawai na yi. Mu a ƙauyenmu, can gefen Bunkure, tun shinkafa ba ta nuna ba muke fara waƙoƙin Kirsimeti, kuma kanal ne ya jawo mana hakan. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Kafin wani ya tambaya: e, Bahaushe ne ni, Bakano, kuma Kirista. Ba daga Jos aka kwaso mu ba. Kakannina Maguzawa ne, mu kuma mun fi son a ce mana Masihiyawa. Duk wanda abin ya ɗaure wa kai, ya zaga karkarar Rano, Kibiya, Sumaila ko Ƙaraye ranar Lahadi da safe, ya kasa kunne.

3/ Bari mu fara da waje. A Amurka, ciniki ne ke ja wa Kirsimeti linzami. A 1939 Shugaba Roosevelt ya matso da ranar bikin godiyarsu ta Nuwamba baya da mako guda, don kawai 'yan kasuwa su sami ƙarin kwanakin cinikin Kirsimeti. Aka yi ta rigima har majalisa ta tsayar da rana a 1941.

4/ Ita kuwa waƙar Mariah, All I Want for Christmas Is You, tun 1994 ta fito, amma ba ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard ba sai 2019. Shekara 25! 'Yan Filifin ma sun fi kowa zumuɗi: da Satumba ya kama suke farawa, da waƙar Jose Mari Chan ta 1990. To wannan nasu ke nan.

5/ Namu sai an koma baya. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS suka iso Kano, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. Miller ya zauna a Zariya a 1905, daga baya aka mai da mishan ɗin Wusasa. Cocin ƙasa da aka gina a can a 1929 yana nan har yau. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa.

6/ Amma karkarar Kano ta daɗe a rufe. Lugga ya yi wa sarakuna alkawari gwamnati ba za ta taɓa addini ba, don haka Turawan mulki da kansu suka riƙa taka wa mishan birki. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗe, ta hanyar aikin kuturta: SIM ta karɓi Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943. A 1954 cocin ECWA ta tsaya da ƙafarta.

7/ Daga nan masu bishara, yawancinsu baƙar fata irinmu, suka riƙa shiga ƙauyuka a keke. Littafi biyu ne a jakarsu: Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi. Kakana bai iya karatu sosai ba har ya koma ga Mahaliccinsa, amma ka faɗa masa lambar waƙa, zai ɗauko ta tun daga baitin farko.

8/ Waƙoƙin Kirsimeti na cikin littafin nan yawanci fassara ce. Kalmomi na Hausa, karin kuwa na Turai. Dubi Silent Night. Wani limamin coci, Joseph Mohr, shi ya rubuta ta da Jamusanci, wani malamin makaranta, Franz Gruber, ya sa mata kari, aka fara rera ta a ƙauyen Oberndorf na ƙasar Ostiriya a jajibirin Kirsimeti na 1818. Ta bi ta Turanci ta iso bakinmu.

9/ Ga inda gizo yake saƙa. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma tsawon wasali yana canza ma'ana. Karin Bature bai san da wannan ba, inda ya ga dama nan yake ja. Idan ya ja "ga" na garin Baitalami, sai kunnenka ya ji garin tuwo. Muna yara, daidai irin wurin nan muke taɓa juna a benci muna gumtse dariya, dattijon coci yana hararar mu.

10/ Duk da haka ina son su fa. Kada a ce na kushe. Akwai wadda ake yi kan makiyaya suna tsaron garke da dare. In aka ɗauko ta da asubar Kirsimeti, ana sanyin nan mai shiga ƙashi, kowa ya ƙudundune cikin mayafi, fitilar ƙwai tana rawa, har yau tsigar jikina tashi take.

11/ Matsalar ita ce, waƙar littafi ba ta rawa. Kuma mishan da yawa na farko sun hana kiɗa a cikin coci. A idonsu ganga da garaya na bori ne da gidan giya, abin da sabon tuba ya baro ke nan. Sai ga mutanen da ko noma ba sa yi sai da kiɗa, an tsayar da su ƙiƙam, hannu a gefe.

12/ Mata ne suka warware wannan. Zumuntar Mata. Ba su yi gardama da kowa ba. Tulu suka ɗauko, na ɗiban ruwa, suka riƙa bugun bakinsa da ɗan matashi. Wa zai ce tulu na bori ne? Suka haɗa da caki da ƙuge, suka ɗauko karin daɓe da na niƙa, ɗaya ta ba da waƙa saura su amsa, suka zuba labarin Linjila a ciki.

13/ A nan ne labarin haihuwar ya zama namu. A waƙoƙin su kakata, Maryamu budurwa ce mai kunya da ba ta sami masauki ba. Makiyayan nan Fulani ne sak, da sanda a kafaɗa. Masanan gabas kuwa fatake. Kalma ba ta karyewa, don karin daga bakin mai Hausa ya fito. Kuma babu littafi. A ka ake riƙewa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

14/ Sai rediyo ya shigo. ELWA daga Laberiya, wadda SIM ta buɗe a 1954, tana da shirin Hausa. Ga Muryar Bishara, ana haɗa shiri a Jos a watso shi daga Addis Ababa tun 1963, har sojojin Habasha suka ƙwace tashar a 1977. Ta nan mutanenmu suka fara jin cewa ashe a Filato da Adamawa ma da Hausa ake yabo.

15/ Bayan rediyo, kaset. Jim Reeves da faifansa na Kirsimeti na 1963, da Boney M da Mary's Boy Child ta 1978. Duk wanda ya je Sabon Gari a Disamba ya san su ko bai san sunansu ba. Kawuna ya sayo kaset ɗin Boney M, ba ya jin kalma ɗaya a ciki, amma ranar da batir ya ƙare sai ya ciro na tocilan ɗin gidan kaf.

16/ To, mu zo kan maganar lokaci, wadda ita ce ta sa na buɗe zaren.

17/ A da, noma ɗaya ake yi. Gero ya shiga rumbu, a yanke dawa wajen Nuwamba, shi ke nan. Daga nan har ruwan fari babu aikin gona sai gyaran ɗaki, biki, da cin rani ga samari. Kirsimeti ta faɗo daidai kan lokacin da Bamaguje dama yake shagalinsa na kaka. Shi ya sa ba ta yi wuyar zama ba. Kakata ta ce a zamaninsu sai dawa ta shiga rumbu ake fara koyon waƙa, mako biyu zuwa uku, da dare a dandali.

18/ Sai Gwamna Audu Baƙo ya zo da maganar madatsun ruwa. Aka kammala Tiga a 1974, aka kafa hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976. Ruwa ya biyo babban kanal ya ratsa ƙasar Bunkure, Garun Malam da Kura, a shirin da aka tsara wa kadada 22,000 a kashin farko. Aka auna gonaki, aka baje su, aka sake rabawa. Wasu tsofaffi har suka mutu suna cewa ba gonarsu aka mayar musu ba, amma wannan zaren wata rana ne.

19/ Abin da ya shafe mu a nan: rani ya daina zama hutu. Duba kalandar manomin Kadawa yanzu. Oktoba zuwa Nuwamba yankan shinkafa, bugu, shanya. Kafin ka ɗaure buhu, dashen tumatir ya taso. Alkama kuma tana son sanyi, in ba ka shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba, zafin Maris zai same ta ba ta cika ido ba. Ga albasa. Ga ban ruwa, wanda in layinka ya zo da tsakar dare, da tsakar daren za ka fita.

20/ Wato makonnin da ake koyon waƙa a da, su ne suka koma mafi tsananin aiki a shekara. Babata ta ce akwai shekarar da suka tsaya gaban jama'a ranar Kirsimeti, mai ba da waƙa ta ɗauko baiti na biyu, amshi ya watse, don rabin matan sau biyu kawai suka zo koyo. Suna wajen dashe, ana biyan su kuɗin yini. Wa zai ga laifinsu?

21/ Daga shekarar da ta biyo suka sauya. Suka lura akwai 'yar tazara a ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin da shinkafa ta fid da kai, an gama ciyawa, aikin da ya rage sai koron tsuntsu, wanda dama na yara ne. Nan suka kai koyon waƙa. Babu wani babban taro da ya yanke haka. Mata ne suka duba gona suka duba kalanda.

22/ Shi ya sa ni a kaina, waƙar Kirsimeti ba da hazo take farawa ba. Da jan-baki take farawa. Kana tsaye a kan kunya da gwangwani da igiya kana ihu, daga nesa kana jin tulu yana tashi a harabar coci, ciyawa kore shar, wani lokacin har da yayyafi. Wanda ya tashi a birni zai ce wannan ba Kirsimeti ba ce. Ni kuwa ita na sani.

23/ Kuma ba mu kaɗai kanal ya jawo wa Kirsimeti da wuri ba. Tambayi duk mai injin casa a Kura, Musulmi ne galibinsu, yaushe cinikin ƙarshen shekara yake farawa. Tun Nuwamba masu saye ke ɗora shinkafa zuwa kudu. Mai tumatir a Kwanar Gafan yana lissafin ko nasa zai riski kasuwar Mile 12 kafin 25 ga wata. Maƙwabcinmu Alhaji bai taɓa shiga coci ba, amma ya fi babana sanin saura kwana nawa.

24/ A 2007 ma Babbar Sallah ta zo saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Tela ɗaya ne a ƙauyen. Kowa ya kai ɗinki, kowa aka yi masa alkawari, kowa ya sha zuwa. A makon Sallah nama ya shigo gidanmu daga gida biyar, bayan kwana kaɗan kwanukan suka koma da shinkafa da kaza. Yanka kuwa dama Musulmi muke kira ya yi, don kowa ya ci hankali kwance.

25/ Yanzu ga abin da ke damuna. Ƙannenmu suna da Solomon Lange da Panam Percy Paul a waya, madalla, ni ma ina ji. Ranar Kirsimeti da yamma DJ ake ɗaukowa da janareta. Waƙoƙin littafi ba sa tsoron komai, a rubuce suke, an buga su dubbai. Silent Night ta shekara fiye da 200, za ta ƙara wasu.

26/ Na su kakata fa? Wanda ya iya ya mutu, waƙa ta bi shi. Muna ta fama a intanet muna rantsuwa mu Hausawa ne, alhali babbar shaidarmu tana bakin tsofaffi biyar ko shida a kowane ƙauye, kuma ba mu ɗauka ba. Ni ma da laifina. Shekara nawa ina da waya mai rikoda a aljihu?

27/ Wadda na fi so duk duniya, tata ce. Ita ta haɗa ta, a kan karin daɓe. Labarin Maryamu da Yusufu suna bin gida-gida ana cewa babu wuri, kowane gida da irin uzurinsa: wannan baƙi sun cika, wancan maigida ba ya nan, wani kuma kare kawai ya sako. Matan kan yi ta da wasa, har a yi dariya, sai a baiti na ƙarshe murya ta sauka, coci ya yi tsit.

28/ Kakata ta rasu da azumin bara. Na ce da azumi don haka kowa a ƙauyen yake lissafa ta, mu da maƙwabta. Da na je gida a Oktoban nan na zauna da babata da ƙawayenta biyu, na kunna waya. Baiti huɗu suka kawo. Dukkansu sun yarda shida ne, kuma na ƙarshen nan, mai sa a yi tsit, yana cikin waɗanda suka ɓace.

29/ An ce ta taɓa koya wa mata ita a wani taron zumunta, da jimawa, kuma akwai waɗanda suka zo daga wajen Rano da Kibiya. Don Allah in babarka ko kakarka 'yar zumunta ce daga yankin nan, tambaye ta waƙar da ake bin gida-gida ana hana masauki, mai maganar kare. In ta tuna ko rabin baiti ne, ɗauko muryarta ka turo min ta DM. Koyon bana ya riga ya yi nisa, amma babata ta ce in an samu kafin 20 ga Disamba za su iya sa shi.