Ranar da Sabis Ya Ɗauke, Manhajarmu Ta Ƙi Haɗuwa

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, tarihin kayan aikin da ke harhaɗa manhaja da kansu.

Manhaja dai ba fayil ɗaya ba ce. Fayiloli ne barjat, sai an haɗa su bi da bi kafin ta tashi a waya ko kwamfuta. A 1976 Stuart Feldman na Bell Labs a Amurka ya ƙirƙiro Make, bayan wani abokin aikinsa ya ɓata safiya guda yana farautar kuskuren da tuni aka gyara, ashe ba a sake haɗa manhajar ba ne. Shi Make yana duba fayil ɗin da aka taɓa, ya sake haɗa abin da ya shafa kawai. A 1991 David MacKenzie ya fara Autoconf, mai binciken kwamfutarka ya daidaita komai. CMake ya biyo baya a 2000.

Amfaninsu ba a magana. Aikin yini ya koma umarni ɗaya, mantuwa ta ragu, kuma duk wanda ya haɗa, abu iri ɗaya zai samu.

To ina matsalar? Ni ɗan Gurbin Bore ne, kuma a 2021 ina koya wa wasu matasa rubuta manhaja a Kaura Namoda. Mun yi wata 'yar ƙarama don ƙungiyar manoma su riƙa rubuta bashin taki, ba ta ma buƙatar intanet. A watan Satumba aka katse sabis a Zamfara saboda tsaro. Ana cikin haka muka ga tana kuskuren lissafi. Muka gyara nan take, amma wallahi ta ƙi haɗuwa! Ashe kayan haɗin namu sai ya sauko da wasu fayiloli daga intanet. Cikinmu babu wanda ya taɓa karanta tsarinsa, kwafowa kawai muka yi. Kaka ta matso, lokacin biyan bashi, sai da ɗayanmu ya ɗauki kwamfutar har Kano.

Kada ku ce mu kaɗai ne. A watan Maris na 2024 Andres Freund ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, manhajar matse fayil da Linux ke amfani da ita. Ta cikin fayilolin haɗi aka shigo da ita, inda ido bai cika zuwa ba.

Don haka 'yan uwana matasa, ban ce ku jefar da kayan nan ba. Amma kowa ya hau motar kwaɗayi ta sauƙi, ya san inda za ta sauke shi. Ku karanta fayil ɗin haɗinku layi-layi, ku ajiye kwafin duk abin da yake saukowa da shi, sannan ku kashe data ku gwada. In ta haɗu, to taku ce.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu zaman lafiya.