Tjideng

Tjideng (suna, ana furta shi Cideng, haka kuma ake rubuta shi yau). Unguwa ce a Batavia, wato Jakarta ta yanzu. Bayan sojojin Japan sun ƙwace ƙasar daga hannun Holan a 1942, sun killace unguwar suka tsare mata da yara Turawa, galibi 'yan Holan, maza kuwa aka kai su wasu sansanonin. Tsararrun sun haura 10,000 a 1945, iyalai a cushe cikin gida ɗaya, ga yunwa, ga atuni. Mafi muni shi ne zamanin kwamanda Kenichi Sonei, wanda kan shanya mata da yara a rana ana ƙirga su, ya kuma hana su abinci da sunan horo. Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, aka zartar a 1946.