Ɗan Jagora da Kufai: Ziyarar Wuraren Tarihi na Gallabat daga Basunda

Gabatarwa

Basunda gari ne a jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, daf da iyakar Habasha. Ƙasar noma ce, baƙar laka mai ba da dawa da riɗi, wadda da damina takan jiƙe ta riƙe ƙafar mota da ta dabba. Masu yawon buɗe ido ba nan suka saba dosa ba. Kafin yaƙin 2023 arewa suke yi, su kalli Dutsen Barkal da gine-ginen dala na Bajarawiya, waɗanda Hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2003 da 2011. Amma tafiya kaɗan daga Basunda akwai Gallabat, garin bakin iyaka da mahajjatan yamma suka kafa, inda wani sarkin sarakunan Habasha ya rasa ransa a fagen fama, inda kuma Ingila da Italiya suka gwabza a Yaƙin Duniya na Biyu.

Wannan rubutu ya bi sawun wanda ya ɗauki jagora nasa na kansa domin zagaya waɗannan wurare, zango bayan zango. Abin da yake son nunawa shi ne, a irin wannan ƙasa, tarihin da baƙo zai koma gida da shi ya danganta da wanda ya yi masa jagora, kuma tarihin Hausawan yankin yana cikin wanda ya fi saurin kuɓucewa.

Jagora a Al'adar Tafiya ta Bahaushe

Kalmar "jagora" harɗaɗɗiya ce, daga "ja" da "gora", wato sandar da ake jan makaho da ita. Ma'anar ta faɗaɗa ta haɗa da duk mai nuna wa wani abin da idonsa bai kai gare shi ba. A ayarin fatake na da, madugu shi ne shugaba, amma jagaba ke wucewa gaba, domin shi ya san rijiyoyi da mashigar rafi da zangon da ya dace a yada. A aikin hajji ma haka abin yake. Muɗawwifi ke karɓar alhaji a Makka, a Madina kuwa akan sami mai kai shi ziyara Uhudu da Masallacin Ƙuba da Ƙiblataini, yana tafe yana ba shi labarin kowane wuri. Ke nan ɗaukar mutum a biya shi ya zagaya da baƙo wuraren tarihi tsohon abu ne a wurin Bahaushe, wanda tuntuni ya ce da ɗan gari akan ci gari.

A yankin Gallabat buƙatar jagora ta fi ƙarfi, saboda dalilai uku. Na farko, yanki ne na iyaka mai shingayen jami'an tsaro, wanda baƙo ba ya yawo a cikinsa yadda ya ga dama. Na biyu, harsunan wurin suna da yawa: Larabci da Hausa da Amharanci da wasunsu. Na uku, kuma mafi muhimmanci, yawancin abin da ya faru a nan cikin bukkoki da shingen ƙaya da ramukan tsaro ya faru, waɗanda damina ba ta bari su daɗe. Baƙo yana iya tsayawa a tsakiyar filin daga ya ɗauka gona ce kawai.

Zango na Farko: Kasuwar Takari

Jagora nagari yakan fara da kasuwa da kwarin da ya raba Gallabat da garin Matamma na Habasha. A yau iyakar ƙasa da ƙasa ce, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Ingila da Sarki Menelik ta 1902 da shatar da Manjo Gwynn ya yi a 1903. Kafin nan gari ɗaya ne mai suna biyu.

Waɗanda suka kafa shi a ƙarni na 18 ana kiran su Takarir, tilonsa Takruri. Sunan ya fito ne daga daular Takrur ta bakin Kogin Senegal, wadda sarautarta ta karɓi Musulunci tun ƙarni na 11. Larabawan gabas sai suka riƙa kiran duk mahajjacin da ya fito daga yamma da wannan suna, kuma daga nan Hausa ta sami kalmar "Takari". A Sudan akwai wani sunan gama-gari, "Fallata", wanda asalinsa sunan da Barebari ke kiran Fulani ne, amma ya game Hausawa da Barebarin kansu.

A 1814 matafiyin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Burckhardt, ya haɗu da waɗannan mahajjata a Shandi, ya kuma bi ayari tare da wasunsu zuwa Sawakin. Ya rubuta cewa daga cikin hanyoyinsu akwai wadda ke bi ta Sannar, ta hau tsaunukan Habasha zuwa Gondar, ta sauka tashar jiragen ruwa ta Musawwa. Gallabat tana bakin wannan hawa ne. Wanda guzurinsa ya ƙare yakan tsaya ya yi noma, wanda ya dawo daga Makka ya ga ƙasar ta yi masa yakan kafa bukka. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa Takarin farko na Gallabat yawancinsu mutanen Darfur ne da maƙwabtanta. Yawan Hausawa a yankin daga baya ya zo.

Lokacin da Baturen Ingila Samuel Baker ya sauka garin a 1862, ya tarar da kasuwa mai ci a ƙarƙashin wani shugaban Takari da ake kira Shehu Juma. Auduga tana hawa tudu, gahawa da zuma da kakin zuma da alfadarai suna saukowa, kuma ana cinikin bayi. Shehunan garin suna karɓar kuɗin fito, su biya haraji ga Turkawan Masar da ke mulkin Sudan, su kuma biya sarkin Habasha. Da wannan dabara ta raba ƙafa ƙaramin gari ya rayu tsakanin manyan dauloli biyu.

Zango na Biyu: Filin Daga na 1889

Dabarar ta ƙare da zuwan Mahadi Muhammadu Ahmad, wanda ya ci Khartum a Janairun 1885, ya rasu a watan Yuni, Halifa Abdullahi ya gaje shi. Shugaban Takari na lokacin, Salihu Shanga, ya ƙi bin Mahadi, ya jingina da Habasha. Aka kwashe sojojin Masar daga garin da taimakon Habashawa, Ansar suka shiga, kasuwa ta koma sansanin yaƙi.

A Janairun 1887 Takla Haimanot, sarkin Gojjam, ya auka wa Gallabat ya ƙone ta. Halifa ya turo babban kwamandansa Hamdan Abu Anja, wanda a Janairun 1888 ya fatattaki rundunar Gojjam, ya shiga Gondar, aka cinna wa majami'u da dama wuta. Abu Anja ya rasu a Gallabat a Janairun 1889, a can aka binne shi, kuma har yau akwai wani kwari a Umdurman da ke amsa sunansa. Wanda ya gaje shi, Zaki Tamal, ya kewaye sansanin da ramuka da shingen ƙaya yana jiran ramuwar gayya.

Ranar 9 ga Maris 1889 Sarkin Sarakuna Yohannes na IV ya iso da kansa. Habashawa suka fasa shingen, har nasara ta fara rinjayar wajensu, sai harsashi ya sami sarkin. Washegari ya cika. Rundunar ta watse, Ansar suka cim ma masu ɗauke da gawarsa kusa da Kogin Atbara, aka aika da kansa Umdurman. Mutuwarsa ta buɗe wa Menelik na Shawa hanyar gadon sarauta a wannan shekara. Ɓangarorin biyu kuwa babu wanda ya ci ribar yaƙin, domin yunwa ta riga ta sauka. A Sudan ana kiran ta "Sanat Sitta", saboda shekarar 1306 ta Hijira.

A nan ne ake gane tasirin jagora. Wanda ya taso a gidan Ansar zai ba da labarin nasara da jaruntakar Zaki Tamal. Wanda ke hayin kwarin zai ba da labarin sarkin da ya ba da ransa domin ƙasarsa da addininsa, shi ya sa ma ake kiran garin nasu Matamma Yohannes. Akwai labari na uku da ba kasafai ake jin sa ba, na manoma da 'yan kasuwar Takari waɗanda aka yi yaƙin a kan gonakinsu, sarautarsu ta rushe, hanyar hajjinsu ta toshe. Amfanin ɗaukar jagora na ƙashin kai shi ne baƙo yana da damar tsayar da shi ya tambaya: mutanen garin fa, ina suka shiga?

Zango na Uku: Tudun Sansani na 1940

Daga filin daga akan hau tudun da Turawan Ingila suka yi sansaninsu, mai kallon Matamma. Italiya, wadda ta mamaye Habasha tun 1936, ta ƙwace shi a Yulin 1940. Ranar 6 ga Nuwamba Birgediya William Slim ya kai hari da rundunar sojojin Indiya da na Ingila, ya karɓe tudun, amma jiragen yaƙin Italiya suka yi masa ruwan bama-bamai, ya kasa tsallake kwarin, ya ja da baya. Sai a farkon 1941 Italiyawa suka janye daga Matamma. Wannan Slim shi ne daga baya ya jagoranci Runduna ta 14 a Bama, wadda a ƙarƙashinta sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa masu yawa, suka yaƙi Japan.

Abin da Ba a Gina wa Hasumiya Ba

Ziyarar da ta tsaya a tudun nan ta bar babi guda a rufe. A 1903, shekarar da ake shata iyaka a Gallabat, Turawa suka ci Kano a Fabrairu, suka ci Sakkwato a Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na I ya ɗauki tutar hijira zuwa gabas, jama'a suka bi shi, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, har suka sauka bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, inda garin Mai Wurno yake a yau. Tun zamanin Shehu Usmanu ake da zancen cewa wata rana jama'a za ta yi ƙaura zuwa gabas ta tarbi Mahadi, saboda haka masu tafiyar sun ɗauke ta cikar alkawari.

Bayansu hanya ta buɗe: daga Kano zuwa Borno, a ratsa Wadai da Darfur, a faɗa Kordofan. Mahajjaci yakan shafe shekaru yana aiki yana tara kuɗin jirgi. Aikin kuwa ya samu. An kammala madatsar ruwa ta Sannar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka buƙaci hannu. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo ya haɗa Sannar da Gadarif da Kasala, a shekarun 1940 kuma aka fara noma da injuna a ƙasar Gadarif, wanda duk da haka bai wadatu daga masu cire ciyawa da yankan riɗi ba. Ta haka ƙauyukan Hausawa suka kafu a bakin kogunan Rahad da Atbara, ana noma, ana su, ana lambu. Masani C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 kan Hausawan Jazira, ya nuna yadda jikokin waɗannan matafiya, waɗanda aka haifa a Sudan, suke ci gaba da ɗaukar kansu mahajjata da ke kan hanya.

Mutumin da ke ganin gobe zai tashi ba ya gina hasumiya. Abin da ya bari shi ne tsangaya da masallacin laka da maƙabarta, da jerin sunayen kakanni da garuruwan da suka fito, da Hausa mai cike da aron Larabcin Sudan. Ya kuma bar alama a bakin maƙwabtansa: gasasshen naman da ake sayarwa a titunan Sudan da sunan "agashe" sunansa Bahaushe ne. Irin waɗannan abubuwa ba a rataya musu allo. Sai jagoran da ya san ƙofar dattawa ne zai kai baƙo gare su.

Batun ya wuce sha'awar masu bincike. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta gindaya cewa mutum ya nuna iyayensa maza na zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar zuriyar masu hijirar 1903 a waje kafin a sassauta shi daga baya. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, aka yi asarar rayuka, Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Khartum. Tambayar da ke ƙarƙashin rikicin ita ce wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023 kuma ya mayar da gadar Gallabat mashigar dubban masu gudun hijira, ya warwatsa iyalai tare da tsofaffin da ke riƙe da labarin.

Kammalawa

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a Gallabat gani kaɗai ba ya isa. Kwari da tudu da kabari suna nan, sai dai ba sa faɗin wanda ya share dajin ya kafa kasuwar. Ɗalibin Hausa da Allah ya ba ikon zuwa Basunda bayan ƙura ta lafa, ya je da rani, ya nemi jagora mai jin Hausa da Larabci, ya saurari labarin Ansar, ya saurari na Habashawa, sannan ya roƙi a kai shi zauren dattawan Hausawa. A can ya tambayi daga wane gari kakansu ya taso, a wace shekara, ta wace hanya, da abin da ya tsayar da shi bai ƙarasa Makka ba, ko ya hana shi komawa gida. Ya rubuta amsoshin da Hausar da aka faɗe su.