Gawa a Makarantar Kwana: Yadda Bincike Ya Koma Hannun Ɗalibai

Duk wanda ya yi makarantar kwana a cikinmu ya san ƙararrawa da kiran suna. Ƙofa ɗaya ce, da maigadi a bakinta, kuma an san inda kowa ya kamata ya kasance a kowace sa'a. Wannan tsari ne ya ja hankalin marubutan labaran kisa da bincike a Ingila. Idan aka tsinci gawa a irin wannan wuri, mai laifin yana cikin mutanen da aka ci abincin dare da su, jadawalin makaranta kuma zai tona wanda ba ya inda ya ce yana nan.

Labarin makarantar kwana ya girmi na kisa a cikinta. A 1857 Thomas Hughes ya fitar da Tom Brown's School Days, game da makarantar Rugby, inda babbar matsalar yaro ita ce cin zalin manyan ɗalibai. Sai a 1904 Arthur Conan Doyle ya kai Sherlock Holmes makaranta a labarin The Adventure of the Priory School. Ɗan wani basarake mai shekara goma ya ɓace da dare, daga baya aka ga gawar malamin Jamusanci a daji kusa da kekensa. Abin lura shi ne an yi kwanaki ana rufa maganar don gudun abin kunya kafin shugaban makarantar ya garzaya Landan neman taimako. A wannan labari yaron abin nema ne kawai, manya ke magana a madadinsa.

A 1959 Agatha Christie ta ɗan sassauta wannan. A littafinta Cat Among the Pigeons an harbe malamar wasanni a makarantar 'yan mata ta Meadowbank, iyaye suka fara kwashe 'ya'yansu. Wata ɗaliba, Julia Upjohn, ita ta gano duwatsu masu daraja da aka ɓoye a mariƙin abin buga ƙwallon tanis. Amma da ta gano, sai ta sulale ta tafi Landan wurin Hercule Poirot, shi ya ƙarasa aikin. Yarinya ta ga gaskiya, sai dai dole babba ya faɗe ta kafin a yarda.

An ɗauki fiye da shekara hamsin kafin wannan fanni ya bunƙasa a hannun matasa. A 2014 Robin Stevens ta fitar da Murder Most Unladylike, wanda ta ajiye a shekarar 1934. Hazel Wong, yarinya 'yar Hong Kong, ta ga gawar malamar kimiyya a zauren motsa jiki. Kafin ta kira ƙawarta Daisy Wells su dawo, gawar ta ɓace, makaranta kuma ta ce malamar ajiye aiki ta yi. Tunda babu babban da zai saurare su, su biyun suka shiga bincike, Hazel na rubuta komai a littafinta. A Amurka, Maureen Johnson ta biyo baya a 2018 da Truly Devious, inda Stevie Bell ta shiga wata makaranta a jihar Vermont don warware satar matar wanda ya kafa ta da 'yarsa, abin da ya faru tun 1936. A 2024 Faridah Àbíké-Íyímídé, 'yar Birtaniya mai tushe a Najeriya, ta rubuta Where Sleeping Girls Lie: Sade Hussein ta iso sabuwar makaranta, abokiyar ɗakinta ta ɓace, hukuma kuma ta fi damuwa da sunanta.

Idan muka jera waɗannan littattafai, za mu ga halin hukumar makaranta bai canza ba tun 1904: tana tsoron surutu fiye da yadda take son gaskiya. Wanda ya canza shi ne mai bincike. Da can baƙo ake ɗaukowa daga birni, yanzu kuwa yarinyar da ke kwana a ɗakin ce, wadda ta san wanda ya fita bayan an kashe fitila. Shi ya sa matasa ke rububin littattafan, domin a cikinsu shaidar yaro tana da nauyi.

Mu ma muna da makarantun kwana fiye da shekara ɗari, tun Kwalejin Katsina ta 1921 wadda ta zama Barewa. Mun san hutun rabin zango, mun san ranar ziyara, mun kuma san yadda ake ce wa yaro ya yi shiru kada ya ɓata sunan makaranta. Marubucin Hausa da zai ɗauki wannan fanni yana da kayan aiki a hannu. Shawararmu ita ce ya bar alƙalamin bincike a hannun ɗalibar da aka ƙi saurara, ya kuma bar ta ta kai maganar har ƙarshe da bakinta.