Sabulun salo: na fuska ne kawai, ko har da gashi?

Masu saurarenmu na nan Madarunfa da ƴan uwa mazauna waje suna yawan tambaya ko sabulun salo na wanke fuska yana yi wa gashi. E, yana yi, amma da sharaɗi.

Da ruwan toka da mai, kamar man kaɗe ko manja, ake haɗa shi. Tokar nan ce kaifinsa: a ma'aunin pH yana kai 9 zuwa 10, alhali fatar kai wajen 5,5 take. Shi ya sa yake fidda dauɗa sarai, amma in an yawaita sai gashi ya bushe ya dinga karyewa, balle da hunturu.

To ga shawararmu: a jiƙa ɗan guntu a ruwa, a wanke da kumfar. Kada a goga dunƙulen a kai, burbushin toka na kartar fata. Sau ɗaya a sati ya isa. A ɗauraye da ruwa mai ɗan lemun tsami, sannan a shafa man kaɗe.

Amma fa sabulu ba ya maganin makero. Yaron da gashinsa ke zubewa tabo-tabo, a kai shi likita, kuma a ware masa mataji.