Kirsimetin Wusasa da Kwanukan Mahaifiyarmu

Duk shekara idan hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe Dutsen Kufena, mu da muka manyanta sai zuciya ta koma gida. Yaran yanzu suna ɗauka Kirsimeti a garin nan haka Allah ya saukar da ita. A'a, tana da mafari, kuma akwai waɗanda suka yi mata wahala.

Likita Mila na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905. Sai a 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwa aka dawo da ita nan Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wannan shi ya sa kakanninmu ba su taɓa jin labarin haihuwar Almasihu a matsayin baƙon abu ba: da harshensu suka karanta shi, a cikin ɗaki mai kama da zauren gidansu. Biki kuwa, sai suka yi shi yadda Bahaushe ya san biki, wato sabon ɗinki, da yanka, da rabon abinci.

Mahaifiyarmu, Allah ya ba ta hutawa, tun kaka take soma shiri. Gyaɗar da ta noma a bayan gida ba ta taɓa ta sai farashi ya ɗaga, sannan ta sayar, ta ƙulle kuɗin a bakin zane ta nufi kasuwar Sabon Gari. Turmi guda na atamfar masaƙun Kaduna take sayowa a yanka mana duka, mata da ƙananan maza, kowa ya gan mu ya san 'yan gida ɗaya ne. Takalmi kuwa da kara ake auna ƙafa, kuma kullum sai ta ƙara ɗan yatsa biyu saboda baɗi. Kirsimetin 1972 ita ce ta ƙarshe da aka yi cefanenta da fam da sule, domin ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta shigo. Amma Inna har ta bar duniya kwabo goma sule take ce masa.

Daren jajibere ba a barci. Mawaƙa na bin gida-gida da fitilar ƙwai, mu yara muna biye muna rawar ɗari, mata kuma suna bakin murhu suna tuyar cincin. Shinkafa a wancan zamani ba abincin kullum ba ce, tuwon dawa muka sani, don haka ƙamshinta kaɗai ya isa ya hana yaro runtsawa.

Abin da muka fi so a rubuta a ajiye shi ne batun kwanuka. Mahaifinmu bai taɓa yanka akuyar Kirsimeti da hannunsa ba. Mahauci Musulmi yake kira, domin kada wani maƙwabci ya karɓi naman da shakka a ransa. Da an sauko daga sujada, kafin kowa ya sa loma, Inna za ta jera langa-langa har goma sha biyu, ta zuba, ta rufe, ta ɗora mana a ka. Ba ta iya rubutu sosai ba, amma ba ta taɓa mance gida ko ɗaya ba. Ta kan ce, "Ku gaishe su a durƙushe, kada kuma in ji wani ya buɗe kwano a hanya." Mun buɗe, ba sau ɗaya ba, kuma tana ƙidaya tsokar nama.

Kwano ba ya dawowa wayam. Wani gida a sa ƙwai, wani goro, wani a ba ɗan aike sisi. A 1974 Babbar Sallah ta faɗo cikin mako guda da Kirsimeti, kwanuka suka riƙa giftawa a hanya, namu na tafiya da shinkafa, nasu na zuwa da soyayyen naman layya. Sai da aka kwana uku ana tantance kwanon wa ke gidan wa.

Tarzomar da ta tashi a Kafanchan cikin Maris 1987 ta iso Zariya, aka ƙona majami'u da dama. A Disambar shekarar wasu daga cikinmu, har da mai wannan rubutu, muka ba Inna shawara ta dakata da aike. Ba ta ce mana uffan ba. Ta jera kwanukanta, ta kira jikoki. Goma suka dawo da tukuici kamar kullum, biyu aka dawo da su ba a buɗe ba. Da shekara ta zagayo ta sake aikawa gidajen nan biyu.

A yau yawancinmu muna Kaduna, Abuja ko Legas, mu zo ranar 24 mu juya ranar 26, abinci kuma a cikin roba ake rabawa, ga wanda ma ya tuna. Muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa matasa su zauna da sauran iyayenmu mata na Zumunta, su rubuta waɗanne gidaje ne ke musayar kwano da waɗanne, tun masu sanin suna da rai. Daga cikin sha biyun nan na Inna, huɗu suka rage, suna hannun babbar yayarmu.